Haidurojin daga ruwan teku: amsa ga wani malamin kimiyya a Daura

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a makarantar sakandare a Daura ya aiko da tambaya. Ya ji labarin cewa masana sun fara samar da makamashi mai tsabta, wanda ake kira koren haidurojin, daga ruwan teku ta hanyar ratsa shi da wutar lantarki, sai ya so ya nuna wa ɗalibansa. Ya jiƙa gishiri a kofin ruwa, ya fiƙe fensir biyu gaba da baya, ya jona su da ƙaramin batir mai bolt 9. Kumfa ya tashi yadda ya zata, amma ajin ya gauraye da warin bilic har yara biyu suka soma tari. Yana tambaya: mene ne wannan warin? Da gaske ne ana iya yin makamashi kai tsaye daga ruwan teku? Mu kuma da ke bakin iyakar Nijar, nesa da teku, ina ruwanmu da wannan zance?

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan himma. Kafin komai ina roƙonka kada ka sake yin gwajin da gishiri a cikin aji. Ruwa ba ya tsami banza. Warin da kuka shaƙa iskar kulorin ce, kuma guba ce. Ita aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Abin da batir mai bolt 9 zai fitar kaɗan ne, shi ya sa lamarin ya tsaya a tari, amma yaro mai asma ko kaɗan ɗin ma na iya wahalar da shi. Sai dai ka sani, ba kuskuren banza ka yi ba. A cikin wannan kofin ka ci karo da ainihin matsalar da manyan jami'o'in duniya suka kwashe shekaru suna fama da ita.

Ruwa haɗin abu biyu ne, haidurojin da oksijin. Idan aka tsoma sanduna biyu aka jona su da wuta, haidurojin zai taso a sandar da ke gefen alamar ɗebewa, oksijin kuma a ta gefen alamar tarawa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi shi a Landan da batirin da Volta ya ƙirƙiro a wannan shekarar. Kilo 9 na tsantsar ruwa, wato lita 9, yana ba da kilo 1 na haidurojin da kilo 8 na oksijin. Shi haidurojin ba shi da launi. Ana ce masa kore ne kawai idan wutar da aka raba ruwan da ita daga hasken rana ko iska ko ƙarfin ruwa ta fito. Duniya na amfani da sama da tan miliyan 90 na haidurojin kowace shekara, galibi a matatun mai da masana'antun taki, kuma mafi yawansa daga iskar gas da kwal ake samo shi. Wanda aka yi daga gas, kowane kilo guda yana sakin kusan kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon. Wanda ake samarwa ta tsabtatacciyar hanya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan giɓin ne ake ta hanƙoron cikewa.

To me ya sa gishiri ke ɓata aikin? A kowace lita ta ruwan teku akwai kusan giram 35 na gishiri iri-iri, kuma wajen giram 19 daga ciki sinadarin kuloraid ne, wanda shi ne ke rikiɗa ya zama iskar kulorin. A lissafin littafi, oksijin yana fita a bolt 1.23, kulorin kuma sai an kai 1.36. Ka ga ke nan oksijin ne ya kamata ya riga fita. Amma oksijin nawa gare shi. Kafin ƙwayarsa ɗaya ta haɗu sai ilektiron huɗu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki, sun motsa bi da bi, alhali kulorin biyu kacal yake buƙata. Kamar mutum biyu ne a bakin ƙofa: na gaba yana da damar shiga amma yana ɗauke da kaya niƙi-niƙi, na baya hannunsa sake. Dole a ƙara wa na gaba turi kafin ya motsa, kuma da zarar turin ya ƙaru, na baya ya riga ya kutsa. Injinan gaske suna aiki ne da bolt 1.8 zuwa 2 tsakanin kowaɗanne sanduna biyu, wato sun wuce ƙofar kulorin nesa. Kai kuwa bolt 9 ka ba shi, a kan bakin fensir da ba ya taimaka wa oksijin ko kaɗan. Wannan hanyar ce ma masana'antu ke bi da gangan idan suna son yin kulorin da ruwan bilic irin su Hypo.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Kuloraid yana cin ƙarfe, yana huda shi ƙanana-ƙananan ramuka, sandar da za ta yi shekaru a tsantsar ruwa sai ta lalace cikin ɗan lokaci. A ɗaya sandar kuma, inda haidurojin ke fita, ruwan da ke kewaye da ita yana komawa mai kaifi irin na ruwan toka, sai maganiziyam da kalsiyam da ke narke a ruwan teku su daskare su like mata. Duk matar da ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya a tukunya ɗaya ta san farin ɓawon nan da ke kama gindinta. Shi ne nan, kuma idan ya rufe sandar wuta ba ta ratsawa. Ga laka, ga gansakuka, ga ƙananan halittun teku da ke toshe kowace kafa.

Masu gyaran batir a Katsina sun san wannan ka'ida ko da ba su karanta ta ba. Ba wanda ya san aikinsa da zai ɗura wa batirin inbata ruwan rijiya ko na famfo. Tataccen ruwan batir ake nema. Injin raba ruwa ma haka yake, har ya fi tsantseni, musamman irin wanda ke da tantani a tsakiya mai amfani da ƙarafan filatinam da iridiyam. Shi iridiyam duk duniya abin da ake haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawa daga Afirka ta Kudu, don haka ba a wasa da shi.

Masana sun yi ƙoƙari sosai wajen shawo kan gishirin, kuma akwai nasarorin da suka cancanci a san su. A 2019 ƙungiyar Farfesa Hongjie Dai a Jami'ar Stanford ta Amurka ta lulluɓe sandar nikel da wani rufi mai korar kuloraid, ta yi aiki sama da awa 1,000 ba ta ci tsatsa ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya da abokan aikinsu na ƙasar Sin sun shafa wa sanda ɗan siririn rufi na sinadarin kuromiyam da ke jawo abin da ake so ya ture wanda ba a so. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin ƙungiyar Farfesa Xie Heping na Jami'ar Shenzhen, da mujallar Nature ta buga a ƙarshen 2022. Sun zagaye injin da wani tantani na Teflon, irin abin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Tantanin ba ya barin ruwa ya wuce, sai tururi. A ciki suka zuba ruwan fotash mai kauri. Ka san yadda gishiri ke jiƙewa da kansa a damina saboda yana zuƙar laimar iska? Haka ruwan fotash ɗin ke zuƙo tururi daga ruwan tekun da ke waje, gishiri da datti su tsaya a can. Injin ya yi aiki sama da awa 3,200, kuma a 2023 sun kai shi kan teku a gaɓar lardin Fujian suka gwada shi kusa da injinan iska har na kwana goma.

Amma duba da kyau, Malam. Wannan injin ba ruwan gishiri yake rabawa ba. Tace ruwan yake yi tukuna, sai dai ya shigar da matatar cikin jikinsa. A nan ne nake so ka tsaya, domin nan ne gaskiyar maganar take, kuma ita ce labaran da ake yaɗawa ba su cika faɗa ba.

Mu yi lissafi da yunit ɗin mita, wanda kowa ya sani. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Kilo 1 na haidurojin yana cin yunit 50 zuwa 55 a injinan da ake da su yau. Ko da injin ba ya asarar komai, ba zai yi ƙasa da yunit 39 ba, domin wannan iyaka ce ta halitta, ba ta fasaha ba. Shi kuwa cire gishiri daga ruwan teku, ta hanyar matse ruwan ya ratsa tantani, yana cin yunit 3 zuwa 4 ne a kan lita 1,000, wato jarka 40 masu lita 25. Irin na'urar nan ce da kamfanonin fiya wata da yawa ke da ita a garuruwanmu, sai dai ta teku ta fi ƙarfin matsi. Idan kilo 1 na haidurojin na buƙatar kamar lita 10 na tataccen ruwa, wutar tace shi ba ta wuce yunit 0.04 ba. Ka aza 0.04 kusa da 50. Bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Wasu masana a Barlin sun yi wannan lissafi dalla-dalla a 2021, har da kuɗin sayen na'urar tacewar, suka samu cewa abin da take ƙarawa a kan farashin haidurojin ɗan mitsitsi ne. Wanda ya ƙi tace ruwa don ya tsimi 0.04, sannan injinsa ya riƙa cin ƙarin yunit biyar saboda fama da gishiri, ko ya mutu cikin shekara biyu maimakon goma, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Shi ya sa manyan ayyukan da ake zuba wa kuɗi na gaske duk tacewa suke fara yi. Babbar masana'antar da ake ginawa a NEOM, a gaɓar Bahar Maliya ta Saudiyya, aiki ne na dala biliyan 8.4. An tsara mata injinan raba ruwa masu megawat 2,200 (megawat ɗaya kilowat 1,000 ne), da wutar rana da iska kusan megawat 4,000, don ta samar da tan 600 na haidurojin a rana, a mai da shi amoniya, sinadarin da ake yin taki da shi, a yi lodinsa a jiragen ruwa. Ruwan teku za ta sha, amma tatacce. Kamfanin Lhyfe na Faransa da ya gwada injin megawat 1 a kan teku a 2023, shi ma tacewa ya yi. Ayyukan da ake shiryawa a Namibiya da Muritaniya haka tsarinsu yake.

Ban ce binciken raba ruwan teku kai tsaye ba shi da amfani ba. A kan dandamalin da ke tsakiyar teku, inda kowane taku na fili da kowane kilo na nauyi kuɗi ne, injin da ya haɗa komai a jiki ɗaya zai yi rana. Sannan sandar da ta jure gishiri za ta jure ruwan da bai gama tsarkaka ba, kuma wannan riba ce ga kowa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Awa 3,200 wata huɗu da rabi ne, alhali mai zuba jari yana son injin da zai yi awa dubu sittin zuwa sama. Akwai kuma abin da hanyoyin biyu duk ba su kuɓuta daga gare shi ba, wato ragowar ruwan da gishirinsa ya ninka. Idan aka mai da shi teku a wuri ɗaya ba tare da an sirka shi ba, yana nutsewa ƙasa ya cutar da kifi da tsirrai, masunta su kwana a ciki.

Yanzu tambayarka ta uku, wadda ita ce ta fi shafar mu. Tunda ruwa ba shi ne ke cin kuɗin ba, rashin teku ba shi ne ya hana mu ba. Daga Katsina zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma ba mai hankalin da zai janyo ruwan gishiri zuwa nan. Ba ma buƙatarsa. Ruwan dam ɗin Sabke ko Zobe ko Jibiya ko Ajiwa, ko na burtsatse, ya fi na teku sauƙin tacewa nesa ba kusa ba. Abin da wannan sana'a ke ci shi ne wuta, wuta mai yawa kuma mai arha. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, domin arewacin Katsina na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya. Sai dai mu san girman abin. Tashar iska ta Lambar Rimi, mai injina 37, ƙarfinta megawat 10 ne. Ko da duka suna juyawa da cikakken ƙarfi, a awa guda yunit 10,000 za su bayar, wato kilo 200 na haidurojin. Megawat 4,000 ɗin da NEOM ta tanadar wa masana'anta guda ya yi kusa da abin da babban layin wutar Najeriya ke rarraba wa ƙasar gaba ɗaya a yawancin ranaku.

Don haka ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan, kuma ba na ɓoye shi. A garin da asibiti ke neman wutar ajiye allurar rigakafi, mai walda ke zaman jiran a kawo wuta, manomin rani ke sayen fetur don injin ban ruwa, kowane yunit na sola ya fi amfani idan aka ba su shi kai tsaye. Ɗauki gidan da ke da farantan sola na kilowat 5, waɗanda ke ba da kamar yunit 25 a rana. Idan aka zuba su a batirin litiyam, da dare za a samu sama da yunit 21. Idan aka mai da su haidurojin, rabin kilo za a samu, kuma in aka sake mai da shi wuta bai fi yunit 8 ba. Ga wahalar ajiya: kilo guda a sake yana cika wurin da zai ci kusan lita 11,000, sai an matse shi da ƙarfi ninki 350 zuwa 700 na iskar da muke shaƙa, ko a sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Yana kama wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, harshen wutarsa kuma da kyar ake ganinsa da rana. Duk wanda ya zo ya ce maka zai sa wa janaretanka ko motarka wata 'yar kwalba ta riƙa aiki da ruwa, ka riƙe kuɗinka. Ruwa tokar haidurojin ne, ya riga ya ƙone, kuma wutar da za a kashe wajen raba shi kullum ta fi wadda zai mayar.

Inda nake ganin rabonmu shi ne taki. Takin yuriya daga amoniya ake yin sa, amoniya kuma haɗin haidurojin ne da naitirojin ɗin da ke cikin iska, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar, wadda aka fara aiki da ita a masana'anta a Jamus a 1913. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da aikin amoniya kilo 28, wato haidurojin kilo 5. In da ta hanyar raba ruwa za a yi shi, lita 45 na tataccen ruwa ke nan, ko jarka biyu bai cika ba, da wuta sama da yunit 250. Za a ƙara ruwan sanyaya injina, amma duk da haka bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da kadada guda ta noman rani ke sha. Yau takinmu daga masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal yake fitowa, da iskar gas ake yin sa, sannan tirela ta ɗauko shi ta ratsa ƙasar nan kafin ya iso kasuwar Mai'aduwa ko Funtuwa. A Afirka ma an taɓa yin taki da wutar lantarki: masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara a 1960 da wutar dam, ta Sable a Zimbabuwe kuma ta yi shekaru arba'in tana yi da wutar Kariba. A 2023 an kafa wata ƙaramar na'ura mai amfani da sola a wata gona kusa da Naivasha a Kenya, mai yin tan guda na amoniya a rana. Ita yuriya tana buƙatar iskar kabon kafin ta zama ƙwaya, don haka ba a tsallake gas cikin sauƙi, kuma ƙasar da ke da arzikin gas kamar tamu, ga kuma aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, koren taki zai daɗe bai kamo na gas a farashi ba. Amma farashin farantan sola ya faɗi ƙwarai cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da kwalejojin kimiyya da fasaha na Katsina da Daura su ne ya kamata su fara horar da waɗanda za su iya wannan aiki, kuma ɗaliban da za su shiga can suna zaune a ajinka yanzu.

Saboda haka ka sake gwajin, amma ka canza abu ɗaya. Maimakon gishiri, narka babban cokali guda na bekin soda a kofin ruwa mai tsabta. Kada ka sa kanwa, domin sau da yawa akwai gishiri a cikinta. Ka yi shi a ƙarƙashin bishiya ko kusa da taga a buɗe. Cika ƙananan kwalaben gwaji biyu da ruwan, ka kifa kowace a kan bakin fensir guda, kada iskokin biyu su haɗu a kwalba ɗaya, domin haɗinsu shi ne ke fashewa. Yara za su ga kwalbar gefen ɗebewa ta fi saurin cika. A lissafi ninki biyu ya kamata ta yi, amma za ta zarce haka, saboda bakin fensir yana cinye wani ɓangare na oksijin, wani kuma yana narkewa a ruwa. Ka bar su su yi gardama kan dalili kafin ka faɗa musu. Idan ta cika, kai da kanka ka ɗaga ta bakinta na kallon ƙasa, ka kusanto da tsinken ashana mai wuta, za su ji ta yi "fut". In kana da ƙaramin farantin sola mai bolt 6, ka cire batirin ka jona shi, ka sa yaro ɗaya ya riƙa tare hasken da littafi yana janyewa, sauran suna ƙirga kumfa.